Ka gyara gilashin motarka a gida ya ƙi aiki: yadda za ka bi sawun matsalar

Gilashin mota mai tashi da wuta yana cikin gyare-gyaren da mai mota kan ce bari in yi da kaina, kuma da gaskiyarsa. Sukudireba, sifana mai lamba 10 da ɗan haƙuri sun isa a cire murfin ƙofa na ciki a sauya moto ko regileta, wato ƙarfen da gilashin ke zaune a kai yana hawa da sauka. Rikicin yakan taso ne bayan an gama ɗaurewa. A danna maɓalli a ji shiru, ko gilashin ya hau rabi ya cije, ko ya kai sama ya dawo da kansa, ko kuma wanda aka gyara ya tashi amma na baya da jiya lafiyarsa ƙalau ya mutu. A nan ne da yawa ke yanke hukuncin an sayar musu da jabu, su koma kasuwa su sake zuba kuɗi.

Wani lokacin kayan ne ba su da kyau. Amma matsalar da ta biyo bayan gyara tana da sauƙin da sauran ba su da shi: ka san ranar da ta fara, ka kuma san duk inda hannunka ya taɓa. Can za ka fara nema, daga abin da ba ya cin ko sisi zuwa abin da sai an saya.

Kafin ka sake sa hannu cikin ƙofar

Idan gilashin ba a ɗaure yake da regileta ba, ɗaga shi da hannu har sama, ka manna salatif mai faɗi daga fuskarsa ta ciki, ya bi ta saman ƙofar ya sauko ta waje. Layi biyu ko uku. Sa tsumma ko takarda a inda salatif ɗin zai taɓa fenti. Gilashin ƙofa yana da nauyi, kuma yawancinsa irin wanda idan gefensa ya bugi ƙarfe yake tarwatsewa gaba ɗaya ne.

Duk sanda hannunka zai shiga ramin ƙofa, makulli ya kasance a aljihunka, kada kuma yaro ya zauna a motar. Moton nan ƙarami ne a ido, amma giyar da ke cikinsa tana ba shi ƙarfin da zai karya yatsa. Idan ka ga soket ko waya mai launin rawaya a cikin ƙofar, yawanci ta jakar iska ce, wadda ke buɗewa lokacin haɗari. Kada ka cire ta, kada ka sa mata mita ko tasta, wato abubuwan gwada wuta. In dole sai ka yi aiki a kusa da ita, cire kan batir na negetib ka jira. Kamfanoni sukan ce daga daƙiƙa 90 zuwa minti 3, ya danganta da motar. Masu Honda Accord su tabbatar suna da lambar sirrin rediyonsu kafin su cire batir, don da yawa rediyon kan kulle kansa.

Abin da za ka duba kana zaune a kujerar direba

Juya makulli har fitilun dashbod su kama, mafi kyau ma ka tayar da injin. Wanda ya yi awa biyu yana gwaje-gwaje ƙofa a buɗe, fitilar ciki na ci, rediyo na yi, ya riga ya sha batir. Lafiyayyen batir da ya huta yakan nuna kusan bolt 12.6 a mita, idan injin na aiki kuma ya haura zuwa wajen 14. Batir da ya sauko ƙasa da 12 zai iya sauke gilashi ya kasa ɗaga shi, domin sauka nauyin gilashin na taimakawa, hawa kuwa moto ne kaɗai ke fama.

Sai maɓallin kulle gilasai da ke jikin babban suwic na ƙofar direba, wanda aka yi don yara. Wajen ciro suwic ɗin daga murfi da mayar da shi, babban yatsa kan danne shi ba a sani ba. Danna shi sau ɗaya ka gwada, in ba a dace ba ka sake danna shi ka sake gwadawa.

Daga nan gwada kowane gilashi sau biyu: daga babban suwic, sannan daga maɓallin ƙofarsa. Abin da ka samu shi zai nuna maka inda za ka nufa. Idan duka huɗun sun mutu, matsalar tana wurin da suka yi tarayya: fiyus, rile (ɗan makunnin da wuta ke kunnawa), babbar wayar wuta, ko soket ɗin babban suwic. Idan guda ne ya mutu daga wurare biyun, tana cikin ƙofarsa ko a wayar da ke zuwa can. Idan yana aiki daga ƙofarsa amma ba ya jin umarnin direba, ko dai maɓallin direban ne, ko motar ta manta saitinta, za mu zo kan wannan a ƙasa.

Akwai abu guda da ke ruɗa masu gyara a gida ƙwarai. A motoci da yawa, wutar gilasan fasinja ko hanyar komawarta sai ta ratsa babban suwic na direba. Idan ka cire murfin ƙofar direba ka jingine shi a bango tare da suwic ɗinsa, sauran gilasan ma ba za su motsa ba, ko da ka danna daga ƙofofinsu. Ciro suwic ɗin daga murfin, ka jona shi a soket ɗinsa yana lilo, sannan ka yi gwaji. Ka tura soket ɗin har ka ji ya yi ƙas. Wanda ya shiga rabi yana kama da wanda ya shiga duka.

Kunne da fitilar ciki

Yanzu sai a raba matsalar gida biyu: wuta ce ba ta isa ba, ko ƙarfe ne ya cije. Kashe injin, bar makulli a buɗe, kashe rediyo da fanka, kunna fitilar rufin mota. Danna maɓallin kana kallon fitilar, kunnenka na jikin ƙofa.

In fitilar ta ɗan dushe sanda ka danna, wuta na isa moto, yana ja, wani abu ne ya hana shi juyawa. Saki maɓallin nan take, kada ka yi ta dannawa. In ka ji moto na juyawa gilashi bai motsa ba, tsakanin moto da gilashi ne aka rabu. In kuwa shiru ne, fitila ba ta ko ƙifta ba, wutar ba ta kai ba, ko moton ya mutu, ko kuma ya yi zafi ya kashe kansa. Wannan na ƙarshen a kula da shi. Yawancin motocin gilashi suna da wani ɗan makari a ciki da ke yanke wuta idan sun yi zafi, ya dawo da ita in sun huce. Wanda ya yi ta sama da ƙasa sau da yawa a jere, musamman a rana, zai ga moto ya mutu ba dalili. Ba shi minti goma zuwa sha biyar kafin ka zarge shi.

Idan shiru ne: bi wutar daga fiyus zuwa moto

Fara da fiyus. Murfin akwatin fiyus yana da zanen wurin kowanne. Na gilashi yakan kasance mai amfiya 20, 25 ko 30. Launi na taimakawa: rawaya 20 ne, kore 30, shuɗi 15, ja 10. Wasu motocin fiyus guda ke ɗauke da duka gilasan, wasu kowace ƙofa da nata, wasu kuma suna da biyun. Kada ka dogara da ido kawai. A bayan kowane fiyus akwai 'yan ƙarafa biyu da suka leƙo. Makulli a buɗe, taɓa kowanne da tasta. Duka biyun su kawo wuta. Guda ya kawo guda bai kawo ba, ya ƙone. Idan akwai rile na gilashi, ka samu wani mai lamba iri ɗaya a akwatin, kamar na oda, ka musanya su na ɗan lokaci.

Game da abin gwaji, na fi son tasta mai ƙwan fitila a kan mita a irin wannan aikin, kuma ga dalili. Mita ba ta jan wuta. Wayar da ta karye saura silin tagulla ɗaya za ta nuna maka bolt 12 cif, ka ce lafiyarta ƙalau, alhali ba za ta iya ciyar da moto ba. Ƙwan sigina mai wat 21 yana jan kusan amfiya biyu. Ka ɗaura masa wayoyi biyu, ka sami tasta da ba ta ƙarya. Idan ya kama da haske sosai, hanyar na da ƙarfi. Idan ya yi ja-ja kamar garwashi, akwai inda wutar ke shaƙewa. Sai dai wannan tasta ta manyan wayoyi ce kawai. Siraran wayoyin da ke kai saƙo zuwa kwamfutar mota, mita ce tasu.

Fiyus lafiya, sai ka tsallaka can ƙarshen layi, wato soket ɗin moto. Cire shi ka ƙirga wayoyin. Idan biyu ne, aikin ya zo da sauƙi. Irin wannan moton ba shi da fozitib ko negetib na dindindin: suwic ne ke ba waya ɗaya wuta ya mayar da ɗayar hanyar komawa, in aka danna ɗaya ɓangaren ya juya su, moto ya juya baya. Saboda haka sa tastarka tsakanin wayoyin biyu na soket ɗin da ya fito daga mota, ba tsakanin waya da bodi ba. Danna sama, danna ƙasa. Da mita za ka ga 12 a ɓangare guda, 12 mai alamar ragi a ɗayan.

Idan ƙwan ya kama a duka biyun, suwic da wayoyi sun fita daga zargi; saura moto ko bakin soket ɗinsa. Leƙa cikin soket ɗin da tocila. Sabon moto da aka tura wa soket a karkace yakan lanƙwashe ƙafa ɗaya, ko ya tura ta baya ta fice daga mazauninta. Idan ƙwan ya kama a ɓangare guda kawai, maɓallin ne ya ci a gefe ɗaya, ko ɗaya daga wayoyin da ke tsakanin babban suwic da maɓallin ƙofar ta katse. Idan bai kama ko ɗaya ba, sa ƙafar tasta ɗaya a ƙarfen bodi mai tsabta, ka taɓa kowace waya kana dannawa. In yanzu ya kama, wuta na zuwa, hanyar komawa ce babu. Nemi wayar negetib da ake ɗaurewa a bodi da noti, wadda sau da yawa baƙa ce ko fara mai ratsin baƙi a motocin Japan, ruwan ƙasa a na Jamus. Wataƙila ka kwance ta ka manta, ko ka ɗaure ta a kan fenti ko tsatsa. Kankare wurin har ƙarfe ya fito fes. In har yanzu babu komai, koma soket ɗin suwic ka duba ko babbar wayar da ke kawo masa wuta tana da rai.

Gwajin da ke yanke gardama a kan moto mai waya biyu shi ne a ba shi wuta kai tsaye. Jawo wayoyi biyu daga batir, ka sa fiyus mai amfiya 20 a ta fozitib, ka taɓa ƙafafun moton na daƙiƙa ɗaya. Juya wayoyin ka sake. Lafiyayye zai juya gaba da baya da ƙarfi. Hannunka ya kasance a wajen ƙofa sanda kake wannan.

Idan wayoyin biyar ne ko shida ko fiye, dakata. A wasu motocin manyan biyun na moto ne, siraran na na'urar da ke ƙirga juyawarsa. A wasu kuwa, musamman na Turai da na shekarun baya-bayan nan, akwai ƙaramar kwamfuta a manne da moton, manyan wayoyin kuma wutar dindindin ce da negetib. In ka juya mata wuta sau ɗaya, tana iya ƙonewa. Irin wannan, iyakar abin da za ka yi ba tare da zanen wayoyin motar ba shi ne ka tabbatar da mita cewa wuta da negetib suna isa soket ɗin.

Robar da ke tsakanin ƙofa da bodi

Duk wayoyin ƙofa suna ratsa wata roba mai lanƙwasa kusa da hinji. Kowace buɗewa da rufewa tana tanƙwara su, ƙofar direba ta fi kowacce shan wannan. A motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki, kamar yawancin 'yan Kwatano da ke hannunmu, rigar wayoyin ta riga ta bushe da zafi. Ranar gyara ka wangale ƙofar har ƙarshe ta daɗe a haka, ka kuma ja wayoyin daga ciki don soket ya kai. Wayar da ke jiran dalili sai ta samu.

Alamarta ita ce gilashi ya yi aiki ƙofa a buɗe ya ƙi a rufe, ko akasin haka. Riƙe maɓallin kana motsa ƙofar a hankali; in moto ya yi firgigit a wani wuri, ka kama ta. Zame robar baya ka ja kowace waya da yatsa. Wadda ta katse a ciki takan miƙe kamar roba ko da rigarta ba ta fashe ba. Kada ka murɗa bakin biyun ka naɗe da salatif a daidai wurin lanƙwasar, zai sake karyewa kafin wata ya zagayo. Yanke ɓangaren da ya gaji, ka sa sabuwar waya mai kauri ɗaya, ka yi haɗin da dalma, haɗi ɗaya ya faɗa cikin ƙofa ɗayan cikin bodi, yadda tsakiyar da ke lanƙwasawa za ta zama waya lafiyayya.

Idan wuta na zuwa amma gilashi na wahala

Wannan ɓangaren ne aka fi yin kuskure a gyaran gida, shi ne kuma ke kashe sabon moto cikin 'yan watanni idan aka bar shi. Hanya mafi gajarta ita ce a raba gilashi da regileta a gwada kowanne shi kaɗai. Kawo gilashin daidai ramukan da ake ganin notinsa, kwance su, ka ɗaga shi da tafin hannu biyu, ɗaya ciki ɗaya waje. Ya kamata ya zame daga ƙasa har sama ba tare da ka yi nishi ba. Inda ya cije, nan za ka duba.

Abubuwan da akan samu ba su da yawa. Robar da gilashin ke bi ta cikinta ta naɗe ko ta fita daga mazauninta wajen mayar da gilashin. Gefen gilashin ya bi ta wajen robar maimakon cikinta. Ƙarfen hanya na ƙasa, wanda akan kwance don gilashi ya fita, an manta notinsa ko an ɗaure shi a karkace. Igiyar mabuɗin ƙofa ko sandar makulli ta bi ta gaban gilashi maimakon bayansa. An musanya noti, dogo ya shiga ramin gajere ya leƙo cikin hanya. Wannan yakan bar zane a tsaye a jikin gilashi, kuma idan aka matsa zai fasa shi. Ko damin wayoyi da aka ciro daga maƙalinsa yana lilo a hanyar regileta.

Sai datti. Ƙurar hunturu takan taru cikin robar ta zama kamar yashi, zafin bazara kuma ya busar da ita. Sauke gilashin, naɗa tsumma a bakin wani abu marar kaifi, ka wanke cikin robar da ruwan sabulu har tsumman ya daina baƙi. Bari ta bushe, ka fesa silikon. Baƙin mai da giris ba wurinsu ba ne nan: suna kumbura roba, suna kama ƙura, bayan mako biyu abin ya fi da muni. Man birki da wasu ke zubawa ya fi su ɓarna, domin yana cin fenti. Giris na ƙarfen regileta ne, inda ƙarfe ko roba mai tauri ke zamewa a kan ƙarfe, shi ma shafawa kaɗan.

Gilashi na sama a manne da salatif, gwada regileta ita kaɗai. Ta tafi sumul daga ƙarshe zuwa ƙarshe. Mai igiyar ƙarfe idan tana ƙarar taunawa ko igiyar ta yi sako-sako, ta sauka daga kan abin naɗinta ko ta fara tsinkewa. Ana iya mayar da ita, amma igiyar da ta riga ta lanƙwashe ba ta daɗewa; ni shawarata a sauya. Idan moto na juyawa regileta ba ta motsi, haƙoran giyar ba su shiga juna ba sanda ka ɗaura moton. Kwance shi, juya shi kaɗan har ya zauna da kansa, sannan ka ɗaure. Kada ka yi amfani da noti wajen jawo shi ya zauna. Mai siffar almakashi kuwa da yawa tana da sifirin mai ƙarfi da moto ne kawai ke riƙe da shi. Kafin ka cire moto daga jikinta, ka kulle hannayenta da noti ta ramin da ya ratsa su ko ka matse ta a bais, wato ƙarfen matse kaya, in ba haka ba za ta tsinke ta kama hannu.

Wajen mayar da gilashi a kan regileta akwai tsari. Sa notin amma kada ka matse. Ɗaga gilashin da maɓalli har ya shige robar sama ya daidaita kansa, duba daga waje ka ga babu gefen da ya bar kafa, sannan ka matse. Idan ba a kaiwa ga notin a sama, sauke shi a hankali zuwa ramukan ka matse a can. Matsewar ta hannu ce, ba ta ƙarfi ba, musamman inda maƙalin ke cizon gilashin kansa. Gilashin da ke karkata gaba yayin hawa, ko wanda ke barin iska na shigowa a kan hanya, kusan kullum wannan matakin aka tsallake.

Ya hau ya dawo, ko dannawa ɗaya ta daina aiki

Motocin da gilashinsu ke rufewa da dannawa ɗaya suna da tsarin kariya: idan gilashi ya ci karo da wani abu yana hawa, sai ya tsaya ya koma ƙasa. Motar tana gane hakan ne ta ƙirga juyawar moto, don haka dole ta san inda sama take da inda ƙasa take. Cire batir, cire soket ko sauya moto kan goge wannan sanin. Sai gilashi ya kai sama ya ɗauka hannun mutum ya matse, ya dawo.

Gyaran ba ya buƙatar sifana. Tayar da injin, rufe ƙofar, ka yi daga maɓallin ƙofar da abin ya shafa. Sauke gilashin har ƙasa kana riƙe da maɓalli, ja shi sama ka riƙe har ya rufe, ka ci gaba da riƙewa daƙiƙa ɗaya zuwa biyu bayan ya rufe. Wannan ya wadatar a Honda da yawa da Volkswagen da tsofaffin Toyota. Wasu Toyota na baya-bayan nan sai an riƙe wajen daƙiƙa 6. A Peugeot irin su 307 da 407, gilashin zai riƙa hawa kaɗan-kaɗan yana tsayawa. Ka yi ta ja kana saki har ya rufe, sannan ka riƙe. A wasu Toyota da Lexus, babban suwic ba zai sarrafa gilasan fasinja ba sai an bi kowace ƙofa an yi mata wannan daga maɓallinta. Littafin motar yana da ainihin tsarin taka.

Idan ka yi sau biyu ko uku yana ci gaba da dawowa, kada ka ce kwamfuta ce ta rikice. Tana jin nauyi na gaske ne, ka koma kan roba da daidaiton gilashi. Akwai masu ba da shawarar a cire wannan kariyar gaba ɗaya a huta. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan a motar da ake ɗaukar yara. Wuyan yaro ba ya jure abin da moton nan ke iya yi. Bayan saiti, gwada ta da tawul da aka naɗe ko robar ruwa, ba da hannunka ba.

Sama ta koma ƙasa, da sauran alamun kayan da ba na motar ba

Ka ja sama gilashi ya sauka: ko dai moton na ɗaya gefen ne, domin na dama da na hagu sukan yi kama, ko an juya wayoyin wajen haɗi. A moto mai waya biyu musanya su a soket ya isa. A mai na'urar ƙirga, mayar da shi ka karɓo daidai, domin juya wayoyin zai rikita kariyar.

Mota ɗaya, shekara ɗaya, amma wadda aka yi wa kasuwar Amurka da wadda aka yi wa Turai ko ƙasashen Larabawa suna iya bambanta a suwic da moto. Suwic ya shiga soket daram amma ƙafafunsa ba a jere ɗaya suke ba. Saboda haka in za ka Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko duk inda kake sayen kaya, tafi da tsohon a hannu. Gwada lambar da ke jikinsa, yawan ƙafafun soket, da yawan maɓallan da ke da alamar dannawa ɗaya. Moto ɗan Beljiyam mai waya biyu, ka ce a gwada maka shi a batir gaba da baya kafin ka biya, ku kuma yi magana a kan canji tun a wurin.

Fiyus da ke ta ƙonewa

Lokacin da yake ƙonewa shi ne bayanin. Idan da buɗe makulli ne, wayar da ke kawo wuta ta taɓa bodi kafin ta kai suwic. Idan sai an danna wani maɓalli, matsalar na tsakanin wannan maɓallin da motonsa. Nemi wayar da noti ya huda, ko wadda ta matse tsakanin regileta da ƙarfen ƙofa, ko bayan sifika. Cire soket ɗin moton ka sake gwadawa da sabon fiyus: in bai ƙone ba, moton ne ko cijewar ƙarfe, in ya ƙone, waya ce. Kada ka sa wanda ya fi lambar da aka rubuta, balle silin waya ko takardar sigari. Fiyus ɗin ne ke ƙonewa a madadin wayoyin da ke bayan dashbod.

Rufewa

Kada murfi ya koma sai gilashi ya yi sama da ƙasa sau da dama daga maɓallan biyu, ƙofa a buɗe da kuma a rufe. A lokacin ne za ka gwada mabuɗin ciki da na waje, makullin ƙofa, madubi da sifika, tunda wayoyinsu duk a dami ɗaya suke. Mayar da damin cikin maƙalansa, inda maƙali ya karye ka ɗaure da igiyar roba nesa da hanyar gilashi.

Ledar da ke manne a jikin ƙofa, wadda da yawa ke yagewa su yar, tana da aiki. Ruwan sama yana shiga cikin ƙofa ta gefen gilashi a kowace mota, ya fita ta 'yan ramukan da ke ƙasanta; ledar ce ke hana shi jiƙa murfi da suwic. A wasu motocin ma na'urar jakar iska ta gefe tana aiki ne da matsin iskar cikin ƙofa, sai ƙofar na a toshe yadda aka yi ta. In ta yage, yanko leda mai kauri ka manna ta zagaye. Tsokane ramukan ƙasan da tsinke su buɗe kafin damina.

Idan ka bi duk wannan, wuta da negetib na isa, ƙarfe na tafiya sumul, amma moto mai kwamfuta ya ƙi amsawa, ko fitilar jakar iska ta kama a dashbod bayan aikin, lokacin zuwa wurin mai rewaya ya yi, kuma wanda ke da na'urar karanta kwamfutar mota. Tafi da tsohon kayan da ka cire, bar murfin ƙofar a kwance, ka gaya masa duk abin da ka kwance da abin da tasta ta nuna a kowane soket, don ya fara daga inda ka tsaya.